Sun Kira 'Yata 'Yar Ƙwaya, Ni Kuma Na Ƙi Faɗar Ciwonta

Assalamu alaikum. Admin ka ɓoye sunana. Jama'a don Allah ku ba ni shawara.

Wallahi satin nan na sha wuya, na gaji. Ni manomi ne a wani ƙauye ta wajen Makoda, na haura arba'in da biyar, boko kuma a firamare na tsaya, ku yi haƙuri da rubutun.

'Yata mai shekara sha huɗu tana da farfaɗiya. Ban da uwarta da likita, ku ne na farko da na faɗa wa. Shekara biyu muna karɓo magani a Kano, tun da aka daidaita mata shi ba ta sake faɗuwa ba. Sau uku take sha, asuba, azahar, dare, likita ya ja min kunne kada a tsallake ko ɗaya. Da can tana tashi makaranta take sha a gida, bana da ta shiga aji uku aka sa musu lasin har la'asar saboda jarrabawa. Sai uwarta ta riƙa ɓallo guda ɗaya tana ƙulle mata a bakin hijabi, yadda mata ke ƙulle canji, in an fita salla ta haɗiye a wajen alwala. Ni na ce a yi haka. Kwalin ma ni nake ƙona shi don kada wani ya karanta.

Kada wanda ya tambaye ni dalilin ɓoyewa. A garinmu akwai wata baiwar Allah mai irin wannan ciwo, har ta tsufa ba a shan ruwa a mazubin da ta sha, in ta faɗi gudu ake yi wai kada yawunta ya taɓa mutum. Likita ya ce ba a ɗauka, na yarda, amma likita ba a garinmu yake kwana ba. Ga shi fura uwar take yi ta sayarwa, yarinyar ce ke taya ta daka da mulmulawa. Ranar da aka ji, ko kare ba zai shinshina furar gidana ba.

Alhamis ɗin da ta wuce aka yi caje a makarantar, saboda an kama wasu samari da ƙwaya. Wata malama ta laluba ta ji ƙullin, ta kwance, ga farar ƙwaya ba kwali ba suna. Aka tambaye ta maganin mene ne, ta yi shiru, don ni na rantsar da ita. Suka sa ta durƙusa gaban asambuli, aka yi mata bulala, aka ce ga 'yar ƙwaya. Ba ta faɗa mana ba. Tun daga ranar sai ta kwance ƙullin a hanya ta jefar cikin gona, tsoro take ji. Ranar Talata ina dawowa daga tonon gyaɗa na tsince ta kwance a 'yar turbar da ke tsakanin dawa, ta cije harshe, jini har kan hijabi. Tsayin dawar ne ya rufa mana asiri. Da ta farfaɗo a gida ta ba mu labari.

Laraba na je wajen firinsifal, ban ma zauna ba. Na ce a ina aka koya musu a fara duka sannan a yi bincike? Ya ce in kwantar da hankali, doka ce, duk yaron da ke shan magani sai uba ya kawo katin asibiti da maganin cikin kwalinsa, a ajiye a ofis, malama ta riƙa ba shi tana rubutawa. Wai "Baba, ai taimakonta za mu yi." Na ce Malam, ni ba babanka ba ne, ƙila ka girme ni, kuma ofis ɗin naka ko ƙyaure babu, masu tallan awara a bakinsa suke shan inuwa. Malamar da za ta riƙa bayarwa kuwa, mijinta a majalisarmu yake zama, mutumin da in akuyarka ta yi tari kafin magariba an ji a kasuwa. Ya ce to in babu kati ba za ta shigo da ko rabin ƙwaya ba, in an sake kamawa kora ce. Ya ƙara da cewa na ɗaga masa murya gaban malamai, sai na ba da haƙuri. Na ce a fara ba 'yata.

A gida ma ban huta ba. Uwarta tana kuka, ta ce gara a ce mai ciwo da a ce 'yar ƙwaya, don mata sun fara yi mata jaje a wajen niƙa. Na ce zancen ƙwaya wata ɗaya zai yi ya mutu, wancan kuwa har jikokinta sai an nuna. Ita yarinyar abu ɗaya ta ce, "Baba, ni dai a bar ni in rubuta jarrabawata."

To jama'a, in kai katin in tona mata asiri da hannuna? Ko in cire ta, bayan babu wata makarantar kusa? Akwai wanda ya san hanyar da firinsifal shi kaɗai zai sani, kuma bakin nasa ya riƙe? Amma kada wanda ya ce in je in ba da haƙuri, ba zan je ba.

Washegarin zuwana wajen firinsifal, da safe na bar gyaɗata a ƙasa, na goyo ta a keke har ƙofar makaranta, maganin yana aljihuna. Na shimfiɗa buhu a gindin darbejiyar da ke tsallaken hanya, na ce mata in an fita azahar ta zo ta same ni. Firinsifal ya iso a babur, ya tsaya ya ce me nake yi a nan. Na ce Malam, dokarka daga katangar can ta fara, nan hanya ce.