Sunan da Na Hana Ki Faɗi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, ina fatan kina kwance cikin rahamar Ubangiji. Na san takarda ba ta isa inda kike. Na rubuta ta a fili ne don jama'a su karanta, tunda a gaban jama'a na yi miki laifin.

Inna, an baje Sansani. Tudun nan na gabas da gonarmu, kan hanyar Sisawa, inda mayaƙan dauri suka yi zama shekara da shekaru. Mai wurin ya kawo katafila, albasa zai noma. Guntuwar ganuwar ta tafi, an cike ramin da ya kewaye ta, inda kike tsinko mana tafasa da damina. Ban ga laifinsa ba, gonarsa ce, kuma yana da iyali.

Kin tuna, in aka yi ruwan fari mukan ruga can mu tsinci kan kibiya mai tsatsa da tsingaron tukwane. Akwai inda gero ya fi ko'ina tsayi, kika ce nan ne turakun dawaki. Mu dai dawakin ne a ranmu. Ke kuwa sai ki wuce gindin tsamiya, wurin duwatsun niƙan nan da ke jere, tsakiyarsu ta lotsa kamar akushi. Ba ki taɓa tsallake su ba. Kikan durƙusa ki share wa na uku ƙasa da tafin hannu, bakinki yana motsi. Kikan ce, "Mai doki ba shi yaƙi da yunwa. Wani ya niƙa, kahin wani ya hau."

Sai na girma na zama malamin makaranta, biro biyu a aljihu, ina ganin duk ƙasar Wurno ba wanda ya kai ni sani. Ranar da ɗaliban jami'a suka zo ganin Sansani, ni ne mai gari ya haɗa su da ni. Na hau tudu na shiga zuba. Na ce kakanmu barde ne, shi ke riƙe da tuta, har launin dokinsa sai da na faɗa. Suna ta rubutawa, ni kuma kaina yana ƙara girma.

Kika iso da damin harawa a ka, kika tsaya kina saurare. Can kika ce, "A'a, Malam. Kakammu ba ta hau doki ba. Kamo ta anka yi, nan ta niƙa hatsi bisa dutsin ga har ta tsuhwa. Sunanta..."

Nan na katse ki. Na yi dariya, na ce musu tsufa ne, kada su rubuta. Wata ɗaliba da ta riga ta ɗora biro a takarda ta ɗage shi. Tsoro na ji, Inna, kada a ce mini jikan baiwa.

Kika gyara gammo kika wuce. Da na dawo gida kika miƙo mini fura kamar kullum, har da tambayar ko baƙin sun tafi lafiya. Ba ki sake ɗauko zancen ba har Allah ya karɓi abinsa, ni kuma girman kai ya hana ni tambaya. Wallahi da zagina kika yi da ya fi mini sauƙi.

Da na ji katafila ta shiga, na je na tarar ana farfasa duwatsun, za a zuba a harsashin gini. Na roƙi na ukun, na ɗoro shi a amalanke. Yanzu yana zaurena. Duk wanda ya tambaya ina gaya masa gaskiya, cewa daga mai niƙa a kansa muka fito. Sai ya ce, yaya sunanta? Sai in sunkuyar da kai.

Na je Rara wurin ƙanwarki, ta ce ke kaɗai kakarku ta gaya wa, don ke ce babba. Na bi tsofaffin kasuwar Goronyo rumfa rumfa. Sun san sunayen barade, wani har kirarin doki ya yi mini, amma ba wanda ya san ko ɗaya daga cikin matan da suka ciyar da su. Sunan nan ya bi baki bayan baki har ya iso naki, kika buɗe za ki miƙo shi, ni na mayar da shi.

Innata, tunda kika haife ni ba ki taɓa kiran sunana ba, saboda kunyar ɗan fari, amma kin riƙe shi a zuci kina sa shi a addu'a. Ni ga abin da tawa kunyar ta yi. Ki yafe mini.

Allah ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ya jiƙan mai niƙan nan ita ma, ya hutar da hannuwanta. In na zo kanta a addu'a cewa nake, mai niƙa, kakar kakannin Inna, tunda Shi ya san sunanta. In Allah ya haɗa ku, ki gaishe ta, ki kira ta da sunan da ƙarfi.

Ɗanki na fari,
wanda kike ce wa Malam.