Italiyancin Hauwa Ya Gagare Ni

Ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyin Italiya, ya iyali? Mu a nan garin Gaithersburg sai godiya.

Ina sanar da kai cikin alhini cewa Italiyanci ya ci gidanmu da yaƙi. Ni na sa 'yata Hauwa ta zaɓe shi cikin darussanta a sakandare, na ce zan koya mata tunda ina kallon ƙwallon ƙafar Italiya. Ashe sunayen 'yan wasa kawai na iya. Jarrabawa ta matso, kuma in ta faɗi ba za ta gama tare da 'yan ajinta ba. Jiya cikin kuka ta ce, "Baba, kai ka ja min."

Don Allah riƙa kiranta kullum kuna hira da harshen. A sa mu a addu'a, a gaida kowa.

Da na ce zamanka can ɓata lokaci ne, na yi kuskure.

Yayanka,
Bala