Wurin Motar Mijina

Gazawa, ranar Talata

Zuwa ga maigidana Mas'ud, mijin da ba ya cefane,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka na buro, ofishin nan naku. Yaya zafin Gidan Rumji, yaya gajiya? Mu nan lafiya lau, sai gwiwata, ita kuwa ta riga ni tsufa.

Ka yi haƙuri da rubutun, na yaƙi da jahilci ne, inda ka ga baƙi ya kwanta ka tashe shi. Na koma takarda don wayarka ta koyi ƙarya. Da na ce yaushe za ka zo ganin kakarka, sai rezo ya yanke, layin waya ya mutu. Takarda kuwa ba ta da rezo.

Sallah ta zo ta wuce, wata ta bi bayanta, ban sa ka a ido ba. Da na matsa, ka ce ko ka zo ba ka da inda za ka aje mota, wai Habu ɗan maƙwabciyata Yelwa ya cika ƙofar gida da tasa, farar motarka kuma ba ta son rana. To na ji. Matar kirki ba ta barin miji da hujja.

Ka san tun da Habu ya samu motar hayar nan yake aje ta ƙarƙashin itacen bedinmu na ƙofar gida, don lungunsu ko amalanke da ƙyar take shiga. Ban taɓa cewa uffan ba. Ina zan ce, uwarsa tun suna ruga take kawo min nono, har suka dawo gari katanga ɗaya ta raba mu? Amma jiya yana fita lodi na mirgino tsohon turmin nan mai tsagu, na kife shi a tsakiyar inuwa, na ɗaura masa igiya zuwa jikin bedi. Da Habu ya dawo da la'asar ya tsaya yana kallon turmi, turmi na kallonsa. Ya ce, Inna, wannan fa? Na ce wurin motar mijina ne. Ya sunkuyar da kai, ya ja motarsa ya kai ta bakin masallaci, cikin rana tsal.

Shi ne kuma zai kawo maka takardar nan in ya zo da 'yan kasuwa. Na manne bakinta da koko, kar ya karanta abin da na ce da shi.

Wuri ya samu, maigida. Tun safe nake leƙen hanya, har wuyana ya fara ciwo. Ka zo Juma'a.

Taka har kullum,
Kakarka Mero

Gazawa, ranar Litinin

Zuwa ga angona Mas'ud,

Salama da gaisuwa da tambayar lafiya. In kana lafiya, alhamdu lillahi. In ba ka lafiya, ka faɗa, don shirunka ya fi ciwon gwiwa damuna.

Na ce angona don gari ya riga ya ɗaura mana aure. Ni na manta cewa a kan kifaffen turmi ake zaunar da amarya a yi mata wankan lalle. Matan unguwa ba su manta ba. Maijidda mai ƙosai ta shigo min da guɗa, wai tsohuwa ta yi sabon tashe, yaushe ne kamu? Da sai in ce mata wasan jika ne, amma ka san bakina. Na ce saurayi ne, ko furfura ɗaya ba shi da ita, ga farar mota, ga aikin buro. Ka duba, ina ƙarya a ciki? Kafin azahar labari ya kai tasha. Tsofaffin da suka san ka suna dariya, baƙin unguwa kuwa har sun fara tambayar anko.

Dariyar ba ta daɗe ba. Wani yaro ya zo daga meri, ofishin magajin gari, da takarda a hannu, wuyansa kamar na zalɓe. Ya ce gidana a jikin katanga ya ƙare, abin da ke waje doman fibilik ne. Na ce ni duma ɗaya na sani, wanda ake fafewa a yi ƙwarya. Ya ce nufinsa hanya ta kowa ce, ba mai ikon kama wa kansa wuri ko da a ƙofar gidansa, wanda ya riga zuwa shi ke ajewa. Sai dai in biki ne ko makoki, a nemi izinin meri na 'yan kwanaki. Ya ce, to Hajiya wanne ne? Na ce in ya zo biki ne, in bai zo ba makoki. Ya tambayi shekarun mijin, na ce da kaɗan ya girme ka. Nan biro ya tsaya masa.

Ƙarshenta dai suka ɗora turmina a amalanke suka kai shi furyel, inda ake tsare dabbobin da suka yi ɓarna a gona. Turmin da aka kawo ni gidan nan da shi, yau yana ɗaure tare da awakin mutane.

Na kai kuka wurin mai unguwa. Ya ce bedi naki ne, hanya ta gwamnati ce, inuwa kuma ta Allah, ki yi haƙuri da maƙwabci. Na ce Allah ne ya yi inuwa, amma ni na yi ta jido ruwa daga rijiya ina ba itacen. Ya ce wannan tsakaninki da Shi.

Yanzu ni ce turmin. Da hantsi ya yi sai in shimfiɗa tabarma a wurin in zauna, in ga mai kai ni furyel.

Abu biyu ke hana ni sukuni. Yelwa ta daina aiko nono, in ta fito sai ta gaida bedi ta wuce ni. Da yamma tana yi wa kajinta faɗa ta bayan katanga, wai akwai kazar da ke kwanci a kan ƙwan da babu. Na biyu kuma Habu. Doka ta ba shi gaskiya, amma har yau bakin masallaci yake ajewa, kujerun motar har sun fara tsagewa don rana. Yana durƙusawa ya gaishe ni kamar ban yi masa komai ba. Na ce yaya ka baro mijina, ina amsar takardata? Ya ce yana lafiya lau, idonsa a kan taya.

Ka zo Juma'ar nan, kafin gari ya ce an fasa aurena.

Amaryarka mai jiran gado a titi,
Mero

Gazawa, ranar Asabar

Mas'ud,

Ina gaisuwa. Lafiyarka dai nake tambaya, tawa ka bar ta.

Jiya na daka fura, na sa aka yanka zakara, na zauna bisa tabarma har aka kira magariba. Duk ƙarar da na ji sai in miƙe, in ga kabu-kabu ne. Na shiga na fito, na shiga na fito, har Maijidda ta ce ko ango ya yi ɓatan hanya ne.

Na gane matsalar. Kana tsoron ka zo ka tarar an riga ka, tunda doka ta ce inuwar ta kowa ce. To na aika a kira mai gatari. Rassan da suka leƙa titi duka za a sare, in ja inuwata cikin gida. In babu inuwa ba mai son wurin, sai ya zama naka kai kaɗai, in kafa maka rumfar zana ranar da ka zo. In kuma ba ka sona ne, ka aiko min da takardar saki in san matsayina.

Ni ce,
Mero

Gazawa, ranar Asabar ta sama

Zuwa ga jikana Mas'ud,

Assalamu alaikum. Ina fata ka tashi lafiya, ina fata kana cin abinci. Yau ba wasa a bakina, ko da yake ban yi alkawari ba.

Mai gatari ya zo. Reshe ɗaya ya faɗi, babban nan da kake lilo a kai kana yaro. Yana ɗaga gatari kan na biyu sai ga Yelwa ba ko mayafi, ta riƙe ƙotar. Ka san in ranta ya ɓaci Hausarta zubewa take. Ta ce, Mero, kai tsoho ne marar tausayi, ka kori ɗana, yanzu za ka kashe itace saboda mota, wace mota? Habu ya sheƙo daga bakin masallaci yana roƙonta da Fulatanci ta yi shiru. Amma nono ya riga ya zube.

Na ja Habu zaure, na ce ya dubi furfurata ya faɗa min. Sai da ya yi ta murza hula kafin ya buɗe baki. Ashe motar ta proje ce, aikin ƙungiyar da ta ɗauke ka, proje ya ƙare tun bara, sun karɓi makullinsu sun rufe buro. Ashe a kasuwa yake samunka kana yi wa wani ɗan kasuwa awon wake, kana rubutu a jikin buhu. Kai ka ba shi amana kar ya gaya min. Shi kuwa da fulakon nan nasu ya gwammace rana ta cinye masa mota da ya aje ta a wurin, in gane ya san ba mai zuwa.

Na yi fushi da kai har na kasa cin tuwo. Ba don motar ba. Kana tsammanin farin fenti nake marmari? Ranar da uwarka ta rasu a goye aka kawo min kai, ko takalmi ba ka da shi, na karɓa. Awon wake kuma sana'a ce, kakanka da jaki ya yi fataucin kanwa, ban taɓa jin kunyarsa ba. Kai ka ƙirƙiro min hujjar wurin ajiya, ni kuma na ɗauke ta na yi ta yaƙi da mutanen da suka rufa maka asiri. Reshen nan ba ya komawa.

Na naɗe tabarmata. Na kai wa Yelwa fura gayanta, ta kalle ni ta kalli ƙwaryar, ta ɗauko nono ta zuba. Mun sha tare. Motar Habu ta dawo ƙarƙashin abin da ya rage na inuwa. Matan unguwa na ce musu an ɗaga bikin, ango na neman kuɗin lefe. Nan ma ina ƙarya?

Na san halinka. In na ce ka zo, kunya za ta sake yanke maka rezo. Don haka ban ce ka zo ba. Gobe Habu zai miƙa maka takardar nan a bakin rumfar awo. In ka kai nan a karatu, ka aje mudu ka ɗaga kai. Tsohuwar da ke zaune a kujerar gaban motar Habu da ƙullin ƙuli-ƙuli a cinya, tana fifita da bakin gyale, ni ce.

Ka zo ka buɗe min ƙofar. Hannunta na ciki ya karye, ta waje kawai take buɗuwa.

Wassalam,
Kakarka Mero