Zuwa Lyon Wurin Janar Faverolle

Litinin, 7 ga Oktoba 2024, La Courneuve, gefen Paris

Aboka, wato lauyata, ta ce maganata kaɗai ba za ta gamsar da alƙali ya ba ni mafaka a Faransa ba. Sai an samu wani babba da zai shaida cewa na yi wa sojojin Faransa aikin tafinta, kuma saboda haka ne aka yi ta yaɗa sunana a waya ana kirana karen farautarsu. Babba ɗaya na sani, Kolonel Faverolle. Ta bincika, ta ce janar ya zama, har ya yi ritaya, yana Lyon.

Kawu Daouda, da nake kwana a falonsa, ya ce: "Salifou, wanda ya hau jirgi ya bar ka, shi za ka bi?" 

Juma'a, 11 ga Oktoba

Janar ya amsa wa aboka. Wai in zo ranar Asabar ta sama. Ko ya gane ni, ko ladabi ne kawai, oho.

Asabar, 19 ga Oktoba, cikin jirgin ƙasa, hanyar komawa

Na zaci gida mai soja a ƙofa. Ashe ɗan ɗaki ne a saman bene, a unguwar da ke kan tudu, ga hawa kamar ba za a kai ba. Shi ya buɗe da kansa, da sanda a hannu. Ya rame. Ya dube ni, ya ce da Hausarsa ta da, wadda ni na koya masa: "Malam Salifou, ina gajiya?" Na ce ba gajiya, na shiga.

Ya dafa shinkafa da kifi, ya ce ya tuna ba na cin naman da ban san yankansa ba. Muna ci yana ba ni labarinsa, abin da bai taɓa yi ba duk zamanmu a Sahel. Ɗan mai gasa burodi ne, a wannan unguwa aka haife shi. Ubansa ya so ya gaje shi, shi kuwa ya tafi makarantar hafsoshi. Cadi aka fara tura shi yana ƙaramin laftanan, can ya fara binne yaronsa, wani soja ɗan shekara sha tara. Daga nan Lubnan, sai Bosniya inda ƙarar bam ta kashe masa kunnen hagu. Shi ya sa kullum yake sa ni tsayawa a damansa, ni kuwa na ɗauka girmamawa ce. Matarsa ta rasu yana Afganistan, bai samu jana'iza ba. Ƴarsa tana kiransa sau ɗaya a wata.

Tauraron janar, in ji shi, an ba shi ne daidai lokacin da ba sauran wanda zai jagoranta, sai tebur a Paris.

Na yi tambayar da na taho da ita. "Mon général, don me kuka bar mu?" Ya ajiye cokali. Ya ce: "Ba ni da amsar da za ta amfane ka. Amma ranar shari'a zan zo."

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na yi barci har Kawu ya tashe ni sallar asuba. Rabona da haka tun Yamai.

Talata, 5 ga Nuwamba

Shari'a. Shaidar janar a rubuce tana hannun aboka tun makon jiya, ba dole ba ne ya zo. Da na ga lokaci ya ƙarato ba shi, na ce wa raina to, ka ga irinta. Sai ga shi yana jan ƙafa, cikin tsohuwar kwat, ba lambar girma ko ɗaya a ƙirji. Jirginsa ne ya makara. Ya zauna a baya, ya juyo kunnen dama.

Alƙali mace ce. Ta tambaye ni ranar da muka je wani ƙauye sasanta rikicin rijiya, ranar da aka ɗauki hoton nan nawa ina tsaye kusa da shi, wanda aka yi ta yawo da shi daga baya. Na ba da labari da Faransanci, bakina bai sarƙe ba. Da muka fito Kawu Daouda ya miƙa wa janar hannu, ya ce "Merci" a takaice. A metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuma ya ce mini, "Tsohon naka ya tsufa." Daga bakin Kawu wannan yabo ne.

Talata, 26 ga Nuwamba

An ba ni mafaka. Alhamdu lillahi.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Na kira matata Biba a Damagaram. Ta fashe da kuka. Aboka ta ce yanzu ana iya fara neman a kawo ta da yaran, sai dai a yi haƙuri, abin yana ɗaukar lokaci. Biba ta ce: "Ka yi wa mutumin nan godiya." Na ce ai aikinsa ya yi, bashin da ke kansa ma bai kai rabi ba. Ta ce, "Duk da haka."

Na kira shi. Ya ce madalla, da Hausa. Muka ajiye waya.

Asabar, 14 ga Disamba, Lyon

An yi wa janar aikin gwiwa ranar Talata. Ƴarsa tana Kanada, ba za ta iso ba sai ƙarshen wata. Ba don shi na zo ba, akwai wani ɗan Maraɗi a Bron da ya ce ana neman mai gadi a wurin aikinsu, na zo in gani. Tunda ina garin, sai na biya asibiti. Na tarar yana faɗa da nas a kan miya, wai ba gishiri. Na sayo masa lemu, na zauna a damansa, ya ci gaba da labarin Cadi daga inda ya tsaya.

Jibi za a sallame shi, ga benen nan nasa, ba mai tallafa masa ya hau. Ɗan Maraɗin ban samu ganinsa ba tukuna. Na gaya wa Kawu sai Laraba zan dawo.