Rumbu a Kan Duwatsu Uku

Lahadi, 8 ga Rabi'ul Awwal, 1280

Ragowar takardun Baba ne, kuma a gidan nan ba mai iya karanta su sai ni, don haka zan faɗi abin da na ga dama.

Gwaggo ta zo daga Bakori yau kwana tara. Yayar maigidana Malam ce, wai ta zo taya ni zama tunda ya tafi fataucin goro. Taya zama ko sa ido, Allah ya sani. Da hantsi ta same ni a tsakar gida na haƙa ramuka biyar, ni da yara muna rabon ƙwallayen tsamiya: talatin a ramuka biyar, nawa-nawa ke nan? Ta riƙe ƙugu ta ce mace mai 'ya'ya uku tana wasan ƙasa. Na ce haka Baba ya koya mini lissafi tun kafin in riƙe alƙalami, shi kuwa limami ne. Ta yi tsaki. Ta yi ta yi.

Manu ya ce biyar-biyar, don ya ga ramuka biyar. Ladidi ta cusa biyu a baki. Yarinyar nan kuwa, daga bakin murhu, ko taɓa su ba ta yi ba ta ce shida.

Laraba, 11 ga Rabi'ul Awwal

Yarinyar nan 'yar fari ce, shi ya sa ba na kiran sunanta, ko a takarda. Tun yaye tana hannun kakarta, sai bara da tsohuwar ta rasu aka dawo mini da ita, yanzu shekararta tara. Ba na kallonta ido cikin ido, ba na yabonta. In zan aike ta sai in ce "a ɗebo ruwa". Haka aka yi mini, haka kowa ke yi. Amma ba wanda ya ce in ina koya wa ƙannenta abu ta toshe kunnuwa.

Asabar, 21 ga Rabi'ul Awwal

Na kafa kara a ƙasa kamar yadda Baba ke yi in zai duba la'asar. Na nuna musu yadda inuwa ke tsawo, har ta zo daidai da karan kansa. Sannan na ce wa zai gaya mini tsawon tsamiyar bakin danga ba tare da ya hau ba? Manu ya ce shi zai hau. Na ce ya hau ya ga abin da zan yi masa.

Yarinyar nan kuwa ta tsuguna a gindin karan. Ta jira har inuwar karan ta yi daidai da shi, ta ruga ta auna inuwar tsamiyar da wani kara. Sha ɗaya da rabi. Ba wanda ya gaya mata. Ƙirjina ya cika har na rasa inda zan sa fuskata, sai na ce Ladidi ta share hanci.

Ashe Gwaggo na kallo, mun tsuguna kan karan kawunanmu sun kusa haɗuwa. Ta ce, "Sakinatu, ke da 'yar fari gwiwa da gwiwa? Ina kunyar taki ta tafi?" Ta ce da ruwa ya ɗauke za ta wuce da ita Bakori, wai dama Malam ya yi mata alkawari. Na ce Malam ba ya nan, kuma yarinya ba inda za ta.

Talata, 1 ga Rabi'ul Ahir

Gwaggo ta share ramukan da tsintsiya. Na sake haƙawa, shida wannan karon.

Jumma'a, 4 ga Rabi'ul Ahir

An yaɓe babban rumbu, laka ta yi saura. Na ce kowa ya gina nasa ƙarami, tsawon kamu ɗaya, mu ga na wanda zai jure ruwan sama. Manu ya gama nasa kafin azahar, a kan ƙasa tsura, yana ta cika baki. Na Ladidi kuwa kamar an jefar da malmalar tuwo.

Yarinyar nan sai da ta kewaya babban rumbun sau biyu, ta leƙa ƙarƙashinsa. Ta nemo duwatsu uku ta ɗora gindin a kai. Ta kwaɓa lakar da ƙaiƙayi. In ta ɗora layi ɗaya sai ta bari ya sha iska. Kwana uku za ta yi tana ginin, in ji ta, ga kuma jinka.

Gwaggo na kiran sunanta sau ashirin a yini. Zo ki ga kaza, zo in yi miki kitso. Da gangan take yi, don ta san ni ba zan iya ba. Yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Alhamis, 10 ga Rabi'ul Ahir

An yi ruwa tun bayan azahar, irin mai iska. Da ya tsagaita muka fito. Na Manu ya zama taɓo, na Ladidi ko alamarsa babu. Nata yana tsaye, ruwa ya bi ta tsakanin duwatsun ya wuce. Ta ɗaga jinkar, geron da ta zuba a ciki a bushe.

Ta ɗebo shi a tafin hannu ta kawo mini. Ba ta taɓa kawo mini abu haka ba. Ta tsaya tana kallona. Ga Gwaggo a bakin ɗaki, ga matan maƙwabta biyu da suka fake ruwa. Sai na ji bakina yana cewa Manu ya yi ƙoƙari, gobe ya ƙara.

Ta mayar da geron, ta rufe jinkar, ta tafi wanke-wanke.

Me ake so in yi? A gaban mutane? Ban yi laifi ba.

Lahadi, 20 ga Rabi'ul Ahir

Mun yi ma'auni da kara da ƙoƙuna biyu, muna gwada dutse da auduga. Na yi ta ɗaga murya don a ji daga madafi. Ba a zo ba. Yau kwana goma ba a zo ba.

Da yamma Gwaggo ta ce tunda ina taurin kai, a tambayi yarinyar. Na ce a tambaye ta, don na tabbata. Kanta a ƙasa ta ce, "Zan bi Gwaggo."

To, ta bi. Ni ma ban girma a ɗakin uwata ba, ban mutu ba.

Litinin, 28 ga Rabi'ul Ahir

An yi ruwa sau bakwai tun ranar. Ɗan rumbun yana nan tsaye. Ba dubawa nake ba, hanyar rijiya ce ta bi ta wajen.

Laraba, 1 ga Jimada Ula

Mai jaki ya zo da sassafe. An ɗaure kayan Gwaggo. Yarinyar nan ta fito da ɗan ƙunshinta a ka, ta durƙusa ta yi mini sallama kamar baƙuwa. Na yi niyyar cewa Allah ya kiyaye hanya, shi ke nan. Sai na juya ina kallon randa na ce, "A gaya wa mai rumbun can, a gidan nan ba a taɓa yin irinsa ba. Ko ni ban yi ba."

Ba ta tashi ba. Ta ce, "Inna, wace ce mai rumbun?"

Gwaggo ta ce su tafi rana na yi. Yarinyar ba ta motsa ba, ni take jira.

Na faɗa. A gaban Gwaggo, mai jaki na ji daga zaure. Sunan ya yi mini nauyi a harshe, shekara tara rabona da shi tun ranar suna.

Gwaggo ta yi salati ta ce Allah ya shirye ni, kuma da Malam ya dawo zai ji komai. To, ya ji mana. Yarinyar ta sauke ƙunshinta a gindin randa, ta ce akwai surfen da ba a gama ba. Jaki ya tafi da mutum ɗaya.

Asabar, 4 ga Jimada Ula

Ba wai na canza ba ne. Baki ne ya suɓuce, kuma ba kullum za a riƙa yi ba. Matan unguwa sun ji, wasu sun daina amsa gaisuwata da kyau. Su suka sani.

Ta gyara ma'aunin, ashe zaren gefe ɗaya ne ya fi tsawo. Ta ce gobe mu gwada ƙwallaye nawa ƙoƙo zai ɗauka a cikin ruwa kafin ya nutse. Na ce to, a gwada.

Na dafa sabuwar tawada, ban san ko ƙaron ya isa ba, sai an gwada ta a takarda.

Barakatu.

Barakatu.

Tawadar ta yi.