Kambuna Ya Ƙi Zama a Damtse

Malam, ka taimake ni, abin nan ya hana ni sukuni.

Da ni ɗan kokawa ne, daga Magama har Gangara ba wanda ya taɓa kai bayana ƙasa. Da na samu aikin awon gyaɗa a bakin iyaka sai zama ya kama ni. Ga fura, ga man shanun da maiɗakina Fatu ke malala wa tuwo, tumbi ya fito har warkina ya ƙi ɗauruwa.

Kullum da rana in na kishingiɗa bisa buhuna, motocin Maraɗi na wucewa, sai in yi mafarki in gan ni a tsakiyar filin kokawa. Rairayi da sanyi a tafin ƙafa, ganga can nesa, jikina ba nauyi, ina ta zagaye. In buɗe ido, ba kowa sai ƙudaje.

To, wani Manu, gwanin kokawar tsallaken iyaka, ya aiko cewa bayan kaka zai zo nan Jibiya takanas domin mu kara, na kuwa amsa a gaban jama'a. Sai na bar tuwo, na koma kunu tsararo da goro. Tumbin na nan daram, amma kambun da mahaifina ya sa mani a damtse, wanda da sai da ƙyar yake shiga, yanzu zamewa yake har gwiwar hannu. Abokaina sun ce asirin ne ya ƙi ni. Wallahi tsoro nake ji.

Mai Tumbi, Magama

AMSA

Ɗan'uwa, kambu bai ƙi ka ba, damtsen ne ka cinye. Jiki in ya ji yunwa, kuma ba a sa shi aiki, tsoka yake fara ci ya bar kitse.

Tumbin kam ya kamata ya tafi, nan ka yi gaskiya. Amma koma ga tuwonka, ka rage malmala, ka roƙi Fatu ta sassauta hannu da mai. Ka yawaita wake, ƙuli-ƙuli, nono da ƙwan zabi. Buhunan da kake kwanciya a kai, riƙa ɗaga su kana saukewa, ka kuma tafi aiki da ƙafa. Kitse a hankali yake narkewa.

Manu kuwa, aika masa ya bari sai baɗi. Za a yi maka dariya, na sani, amma in ka shiga fili a haka, yunwa ce za ta kayar da kai, shi ya tafi da sunan.

Allah ya mayar maka da ƙarfinka.