Harafin da Baba Ya Ƙara

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ya aiki? Mama na gaishe ki, matata ma haka.

Wata biyu ke nan da rasuwar Baba, sai shekaranjiya na iya buɗe ɗakinsa. Labulen nan mai ruwan toka yana nan, hasken safiya na ratsa shi yana kwanciya a kan teburi kamar an zuba madara. Tsohuwar kwamfutarsa da kika sa wa manhajar Linux kafin ki tafi tana aiki, wallahi ta fi keken ɗinkina lafiya. Gajerun hanyoyin da kika yi masa a burauza, manhajar shiga intanet, ma suna nan: in na buga k da kalma sai ƙamus ya buɗe, l kuma labarai. Y ce kawai ta lalace, ta duba yanayi. Duk garin da na rubuta, naku take nunawa. Ki faɗa min gyaran, amma da Hausar teloli, ba taku ta masana ba.

Mama ta sake tambaya yaushe za ki zo. Na ce zan tambaya.

Ki huta lafiya,
Yayanki

Yaya,

Na gode da saƙo, ina gaida kowa.

Gyaran ba wuya. Ka shiga saitin burauza, ka nemi jerin injinan bincike, ka danna y. Za ka ga dogon adireshi. Inda sunan garina yake, ka goge ka rubuta %s. Alamar nan gurbi ce, duk abin da ka buga bayan harafin nan yake shiga. Ni k da l kawai na yi wa Baba, y shi ya ƙara da kansa, ya kwafo adireshin ya manta bai sa alamar ba. Kuskure ne da kowane sabon shiga ke yi.

Batun zuwa kuwa, kana tsaye a bakin ƙofa ranar da ya ce in na karɓi aikin nan ba ya buƙatar sanin inda nake. Shekara shida bai kira ba, ni ma ban kira ba. Ko jana'iza ban zo ba. Wani lokaci ina mafarkin ɗakin, yana zaune ya ba ni baya, ina ta magana bai juyo ba. Da wane ido zan shiga?

Ƙanwarka

Auta sarkin taurin kai,

Gaisuwa kamar kullum. Na bi bayaninki har na ga adireshin, amma ban goge komai ba. Ga dalili.

Ba y kaɗai Baba ya ƙara ba. Akwai t ta taswira, akwai m ta bayanin magunguna, kuma duka biyun da alamarki a daidai wurinta. A cikin durowa na ga ƙaramin littafinsa, ya kwafe darasin da kika yi masa da jan biro, ya ja layi biyu a ƙarƙashin %s ɗin. Kin san Baba, mutumin da ya yi shekara talatin yana gyara jarrabawar yara. Shi ne zai manta abin da ya ja wa layi biyu?

Na nuna wa Mama. Ta kalli allon, sannan ta ce, “Ashe shi ya sa.” Wai kullum da safe Baba zai zauna da kofin shayinsa ya buga harafi ɗaya, sai ya ɗaga murya, “Yau fa ana ruwa,” alhali rana ta ƙwalle a waje. Ta ce masa, “Malam, ka leƙa taga mana, ko tabaraun ne ya gaji?” Ya ce, “Ke dai na faɗa miki ana ruwa.” Akwai ranar da ya sa rigar sanyi muna zufa, muka yi ta dariya a ɓoye, muna cewa tsufa ne ya zo.

Tun jiya nake zaune a kujerarsa ina kallon ƴan gajimaren da ke tafiya a saman garinku. Suna tafiya a hankali. Na bar ɗinkin mutane jibge a shago.

In har yanzu kina so in gyara, ki ce.

Yayanki mai ƙaunarki

Yaya,

Kada ka taɓa shi.

Na nemi hutu, an ba ni. Ina tafe ranar Asabar, ka zo tasha ka ɗauke ni, don ba zan iya shiga gidan ni kaɗai ba. Ka ce wa Mama ban san me zan faɗa mata ba, ta yi haƙuri in na yi shiru.

Ana ruwa a nan yanzu. Na buɗe taga na bar shi yana shigowa.

Auta